Yau na ga zuciyar Baba da idona

Jiya Baba bai yi barcin kirki ba, da ya miƙe a gado sai numfashi ya sarƙe masa, sai da na jera masa filo uku ya kishingiɗa sannan ya ɗan runtsa. Ga ƙafafun nan sun kumbura, in ka danna da yatsa ramin ya daɗe bai ciko ba. Da sassafe muka tafi ganin likitan zuciya.

Nas ta fara auna jininsa, 168 a kan 102, ni kam gabana ya faɗi. Daga nan aka yi masa ECG, gwajin bugun zuciya, wayoyi goma aka manna masa, shida a ƙirji huɗu a hannuwa da ƙafafu, ba ciwo ba komai, nan da nan takarda ta fito.

Wanda ya tsaya min a rai shi ne eko, wato hoton zuciya. Aka ce ya kwanta ta gefen hagu, likita ya shafa masa wani abu mai sanyi a ƙirji ya ɗora na'urar, sai ga zuciyar a allo baƙi da fari tana motsi, ɗakuna huɗu, ƙofofinta suna buɗewa suna rufewa, wallahi kasa ɗauke ido na yi. Ya nuna min ɗakin ƙasa na hagu, ya ce shi ke tura jini ko'ina a jiki, mai lafiya yana fitar da kashi 55 zuwa 70 cikin 100 na jinin da ke cikinsa a duk bugu ɗaya, na Baba kuwa 35. Zuciyar ta gaji ne, ta daɗe tana fama da hawan jini, shi ya sa ruwa ke taruwa a huhu da ƙafa.

Sai likita ya ce, Baba yaushe rabonka da magani? Ya yi shiru, can ya ce ya kai wata takwas, wai tari yake sa shi, busasshen tari mai hana barci, kuma ai ba ya jin ciwon komai. Likita bai yi masa faɗa ba, ya ce lisinopril, maganin hawan jinin da yake sha, dama yana sa wasu wannan tarin, da an faɗa da tuni an canza. Abin ya dame ni sosai, don na sha jin tarin nan cikin dare, na ɗauka mura ce, ko sau ɗaya ban tambaye shi ba.

An mayar da shi kan losartan, an ƙara furosemide na rage ruwa, da safe zai riƙa sha saboda yawan fitsari. A rage gishiri, kar ya kuskura ya sha magungunan ciwon jiki irin su diclofenac ko ibuprofen. Nan da sati biyu za mu koma gwajin ƙoda da sinadarin potassium na cikin jini, sannan a ƙara wasu magungunan a hankali. Kullum da safe ya hau sikeli, in ya ƙaru da kilo 2 cikin kwana 3 mu dawo ba jira.

Yanzu yana barci a kan filonsa uku, na leƙa shi sau biyu. Na ajiye sikelin a bakin gadonsa da littafi da biro, Allah Ya kai mu goben mu fara rubutawa.