Tiriga a MySQL: wuraren da take yin shiru ba ta faɗa maka ba

Ƙannena masu koyon rumbun bayanai a Yaba da Agege, kuskuren da na fi maimaitawa shi ne yarda cewa tiriga, wato umarnin da ke aiki da kansa idan an saka, an gyara ko an goge bayani a tebur, tana tashi duk lokacin da aka taɓa tebur. A MySQL ba haka ba ne.

A ce kun gina wa ɗan kasuwar albasa a Mile 12 tsarin lissafi, kuka sa tiriga ta rubuta duk rasidin da aka goge. Idan an goge abokin ciniki, rasidansa suka bi shi ta hanyar ON DELETE CASCADE, wato dokar da ke goge bayanan da ke haɗe da wanda aka goge, tirigar teburin rasidi ba za ta motsa ba. Haka ma TRUNCATE TABLE: yana share komai ba tare da tayar da tirigar DELETE ba. Babu saƙon kuskure, sai ƙarshen wata lissafi ya ƙi haɗuwa. Mafita ita ce ku yi gogewar a cikin ajiyayyen umarni (stored procedure, wato jerin umarnin da ake ajiyewa a rumbun a riƙa kira da suna), ku fara da rasidai, sannan abokin cinikin.

Na biyu, kuma wannan ya fi ciwo, shi ne ajiyar ko-ta-kwana. mysqldump, manhajar da ke kwafe rumbun zuwa fayil, yana ɗaukar tirigogi da kansa, amma ba ya ɗaukar ajiyayyun umarni sai kun ƙara --routines. Ku gwada dawo da fayil ɗin a wata kwamfuta tun ana zaman lafiya, ba ranar da wuta ta ƙona faifai ba. A nan ne za ku iya gamuwa da kuskure mai lamba 1449: sunan da ke DEFINER, wato mai amfanin da tiriga ko umarnin ke aiki da izininsa, babu shi a sabon wurin. Ku ƙirƙiri mai amfanin, ko ku gyara layin.

Kurakuran da ke ihu sun fi sauƙi. Lamba 1442 na nufin tiriga na neman gyara teburin da ya tayar da ita. Ku mayar da ita BEFORE, wato ta tashi kafin a rubuta bayanin, ku sauya ƙimar da SET NEW. COMMIT, umarnin tabbatar da sauye-sauye, ba ya shiga cikin tiriga. Umarnin da zai kira kansa kuwa sai an ɗaga max_sp_recursion_depth daga 0, iyakarsa 255.

Ku kuma duba sql_mode, saitin ƙa'idojin da MySQL ke bi, kafin ku ƙirƙiri ajiyayyen umarni, domin umarnin yana riƙe saitin ranar da aka haife shi, ko da an sauya na uwar garke daga baya. In kuna son sabon saitin, sai ku goge shi ku sake ƙirƙirarsa.