Ranar da na sauya yaƙutun farko a agogon Baba

Agogon marigayi mahaifina ne ya kai ni wannan sana'a ta gyaran agogo. Daga Makka ya zo da shi, irin wanda ake yi wa wani da hannu kowace safiya, ba ruwansa da batir. Bayan rasuwarsa agogon ya riƙa tafiya yana tsayawa. Na zaga shaguna huɗu a Babbar Kasuwa, kowa ya juya shi ya ce shi batir da maɗauri kawai yake sauyawa. Daga ƙarshe aka yi mini kwatancen wani dattijo a wajen Tsohuwar Kasuwa. Wata bakwai ke nan duk Asabar ina zaune gefen teburinsa.

Da ya buɗe bayan agogon, sai ya miƙo mini gilashin da yake maƙalawa a ido. "Ɗana, duba nan. Mi kag gani?" Na ga wasu jajayen ɗigo-ɗigo, ɗaya da tsaga a tsakiya. A da na ɗauka ado ne kawai, ashe kusan duk wani wili da ke cikin agogo a cikinsu ƙafarsa ke juyawa. Yaƙutu ne, amma na haɗi, wanda wani Bafaranshe mai suna Auguste Verneuil ya bayyana hanyar yinsa a 1902. Sa duwatsu a agogo kuwa ya girmi haka, tun 1704 aka fara a Landan. A ma'aunin taurin duwatsu yaƙutu na mataki na 9, lu'ulu'u na 10, shi ya sa ƙarfe zai shekara hamsin yana gogarsa bai cinye shi ba. Agogon Baba yaƙutu 17 ke cikinsa, kuma yana bugawa sau 18,000 a awa ɗaya. Amma abu mai tauri yana da saurin fashewa. Faɗuwa ɗaya a kan siminti ta isa, kuma bakin tsagar ya koma kamar zarto, yana cin ƙafar wilin a hankali.

Sabon yaƙutu ba ya samuwa a nan sai an yi oda. Malam yana da gwangwanin madara cike da matattun agogo, a ciki muka yi yini biyu muna nema. Dole faɗinsa ya dace da ramin farantin ƙarfen da ke riƙe wilolin, kuma hudarsa ta dace da ƙafar wilin, ta shiga ba matsi ba lilo.

Wurin da na fi daɗewa shi ne zurfi. Yaƙutun ba gam ke riƙe shi ba, matsa shi ake yi cikin rami da wata 'yar na'ura ƙirar Seitz mai ma'auni a kai. Kafin a fitar da tsohon, sai a sauke bakin na'urar a kansa a rubuta lambar. Ni ban rubuta ba, ɗoki ya ɗebe ni. Na tura sabon ya wuce kima, da na ɗaure farantin sai wilin ya cije. Na so in gyara, hannuna ya karkata, na ji ƙas. Na fasa wanda muka sha wuyar nema. Malam bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Wili shina son wurin numfashi," ya sa hantsaki ya ɗaga wani wili ya sake, na ga yana ɗan motsi sama da ƙasa, tazarar da ba ta kai kaurin gashi ba. Wannan tazarar ita ce aikin gaba ɗaya, kuma a ganina ba a koyonta a bidiyo.

Mako uku kafin mu samu wani. Lokacin hunturu ya kama, ƙura ko'ina, sai da muka rufe ƙofa muka kife kofin gilashi a kan kayan. Wannan karon na rubuta lambar a bayan kwali. Shafaffen gefen ya fuskanci wili, gefe mai ɗan kwarmi ya kalli waje, don nan ne mazaunin mai. Man ma ɗan ɗigo ne a bakin allura, in ya yi yawa sai ya malale ya janyo ƙura. Na busa iska da 'yar roba, wilin ya juya har ya tsaya da kansa.

Yanzu agogon na hannuna. Yana gaba da kusan daƙiƙa 40 a rana, Malam ya ce Asabar mai zuwa zai nuna mini yadda ake saita shi.