Gwangwani biyu a ɗakin Inna

Da ƙamshin suyar gujiya na tashi a gidanmu na Bagalam. Gujiya muke cewa a Maradi, mutanen Kano su ce gyaɗa. Inna ce ta kafa sana'ar da kasko ɗaya da turmi ɗaya: a soya da yashi, a murje ɓawo, a sheƙe, a kai markaɗe, sannan a zauna bakin turmi ana zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan ana juyawa har mai ya taso saman tunkuza. Tunkuzar a murza ta ƙuli-ƙuli, a soya cikin man da ta fitar. Ba abin da ake zubarwa, ɓawon ma na awaki ne.

Ina 'yar talla aka karya darajar sefa, a watan Janairu na 1994. Man da ake shigowa da shi daga waje ya gagari talaka, matan unguwa suka dawo ƙofar Inna da kwalabensu. A shekarar ta ƙara kasko biyu. Da gwiwa ta fara damunta, ni na karɓi bakin kasko, kullum da safe in taho daga gidan mijina. Yayana shi ke bin kasuwannin ƙauye wajen Madarunfa da Gidan Runji yana auno gujiya, matarsa kuma tana murzar ƙuli. Daga baya muka sayi ɗan injin markaɗe namu.

Kuɗi kuwa wuri ɗaya suke kwana, cikin wani tsohon gwangwanin madara a ƙarƙashin gadon Inna. Ciniki ya shiga nan, cefane ya fito daga nan. Maganin zazzaɓi, kuɗin lakkol, ragon suna, duk hannu ɗaya ake zurawa. Ga kuma biki: wadda ta kawo miki dala ɗari ranar sunanki, ranar nata ɗari biyu za ki mayar, in ba haka ba ki sha kunya a tsakar mata. Babu wanda ya taɓa tambayar ina jari ya tsaya, ina riba ta fara. Muddin gwangwani da nauyi, lafiya lau.

Wannan sana'a, ribarta a kaka ake cin ta, ba ranar sayar da mai ba. Daga Oktoba zuwa Nuwamba gujiya na zubewa kasuwa da araha, manoma na neman kuɗin hannu. Wanda ya cika ɗaki da buhuna a lokacin, shi zai yi dariya da bazara, sa'ad da tiya ta hau, manoma kansu suka dawo neman iri. Na san wannan kamar sunana. Amma a kakar 2019 na sa ranar auren ɗiyata ta fari.

Tun watan Agusta Najeriya ta rufe iyaka. Masu sarin ƙuli da ke tahowa daga Jibiya ta Dan Isa suka ɗauke ƙafa, kayan ɗakin da aka saba ɗaukowa daga Katsina da Kano kuma suka ƙara kuɗi. Hankali ya ce a taƙaita. Ni kuwa na ce ɗiyar fari ce, ba za a shiga ɗakinta a ga bango ba. Gado da katifa, kabad cike da kwanuka, gara buhu-buhu, har da jarkokin mai na gidanmu da ban lissafa su a matsayin kuɗi ba, tunda ai namu ne. Yaya ya zo karɓar kuɗin awo, na miƙa masa abin da bai kai rabin na bara ba. Ya juya su a hannu ya ce, "Da wannan za mu kai damina?" Na ce Allah zai buɗa. Bai ƙara magana ba, ya saka a aljihu.

Biki ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Har yau in na tuna guɗar da aka yi ranar jere, raina na yin fari.

Kafin azumi ɗakin buhuna ya koma wurin kwanan kaji. Muka shiga sayen gujiya tiya-tiya da tsadar bazara, mu tatsi mai mu sayar kusan yadda muka saya. Inji ya yini biyu a mako yana aiki, sauran kwanaki a rufe da buhu. Wata mai tuwo-tuwo da ta shekara goma tana karɓar mai wurinmu ta zo sau biyu ba ta samu ba, ta koma wani gida, har yau ba ta dawo ba. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne ranar da matar Yaya ta ce, cikin sanyin murya, ita fa shekara da shekaru tana murza ƙuli, ba ta taɓa riƙe dala ta ce tata ce ba, ga shi an kwashe an yi wa ɗiyar wata ɗaki. Na ji haushi a ranar. Gaskiya ta faɗa.

Inna ce ta raba gardama. Ta sa aka kira mu ɗakinta bayan isha, ta fito da gwangwani na biyu, na tumatir, ta ajiye kusa da tsohon. Ta ce, "Wannan na gujiya ne. Ko gawata ce a kwance, kada a buɗe shi don likkafani." Na ce, "Haba Inna!" Ta ce in yi shiru, ni na ja.

Daga ranar, duk yammacin Juma'a bayan an tashi kasuwa, ɗana da ke koleji ya zauna da littafi: kuɗin gujiya, itace, lantarki da ladan masu talla su fara komawa gwangwanin jari. Abin da ya saura a raba, kowa da hakkin aikinsa, har ni. Da farko na ji nauyin in biya kaina lada a gidan uwata, yanzu na saba. Hidimar gida kuma muka nema mata hanyarta daban: adashe na mako-mako, da jar akuya, irin tamu ta Maradi mai yawan tagwaye. Da an ji wata na da ciki, ko an kawo gaisuwar wata yarinya, sai a ware akuya a ce ta wannan hidima ce. Bashin dangi ma aka shiga rubutawa, abin da ya sa wata gwaggonmu ta yi wata uku ba ta taka gidan ba.

Sai da muka yi kaka biyu kafin ɗakin buhuna ya sake cika.

A 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, aka sake rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar. Inji ya tsaya, muka kakkaɓe turamen Inna muka koma daka. Ana cikin haka ɗiyata ta haihu, namiji. Mijinta ya yi rago, ni kuma na sayar da awaki biyu na yi kayan barka da abincin mata, na karɓi kwasata ta adashe na mayar da biki. Daren suna na shiga ɗakin Inna ɗauko tabarma, na tarar da ita zaune bakin gado, ta jawo gwangwanin tumatir tana jinjina nauyinsa a tafin hannu. Ta mayar da shi ƙarƙashin gado, ta ce in miƙo mata jaririn.