Harajin shayi

Jiya a fada muna jiran shayi ya nuna, ƙanena ɗan lakwal ya ce wai kan ganyen shayi Amurka ta ɓalle daga Ingila. Muka yi ta dariya, ashe da gaskiyarsa. Yaƙi da Faransa ya bar Ingila da bashi a 1763, sai ta ɗora wa yankunanta 13 na Amurka haraji, na takardu a 1765, daga baya har shayi. Abin haushin, ba su da wakili ko ɗaya a majalisar Landan. A 1773 mutanen Boston suka zubar da akwati 342 na shayi a teku, a 1776 yankunan 13 suka shelanta ƴanci. Baba na gefe ya ce: "Ku yara, nan Maradi lanho, wato harajin Faransa, ya sa wasu kakanninku suka tsallaka Katsina da dare."