Mastar a kiɗan majami'a: shirin da ɗan koral na Damagaram zai yi tun daga gida

Wanda ya gama lisans, yana jan koral a ikilisiyarsa, kuma yana son zurfafa karatu a kan waƙar sujada, ya sani tun farko cewa daɗin murya kaɗai ba ya shigar da mutum wannan aji. Ido da kunne da yatsu ake gwadawa. Yawanci za a miƙa maka takardar waƙar da ba ka taɓa ji ba, a buga maka sautin farko, a ce ka rera. Malami zai kaɗa ɗan gajeren kari a fiyano sau biyu ko uku, ka rubuta abin da ka ji. Sai a ba ka muryar soprano ka ɗora mata alto da teno da bas.

Makarantun da ke ba da wannan digiri ba su da yawa. Makarantar tauhidin Baptis da ke Ogbomoso a Najeriya tana da sashen kiɗan majami'a, da Turanci ake karatu. Ga ƴan Katolika akwai Cibiyar Kiɗan Ibada ta Fafaroma a Roma, wadda Fafaroma Piyus na Goma ya kafa a 1910, inda ake koyon waƙar Giregori, orgen, tsara waƙa da jagorancin mawaƙa. Can sai da Italiyanci da ɗan Latin. A tsarinmu na LMD (lisans, mastar, doktora) mastar shekara biyu ce, kiredi 120. Ka tanadi difloma da takardar maki da fassararsu, da wasiƙar fastonka ko limamin cocinka.

Tuntuɓen farko ga ɗan Nijar shi ne "do". A solfej na Faransanci do ba ya motsi: kullum shi ne farin maɓallin da ke hagun baƙaƙe biyu. A sol-fa da koral ɗin Najeriya ke amfani da shi kuwa, do yana bin makullin waƙa. In waƙa tana makullin sol, to sol ɗin ne ake kira do, kuma "si" ya koma "ti". Wanda ya san ɗaya kawai zai zauna a aji yana jin sunayen da ya saba amma sautin na fita daban. Maganinsa minti ashirin kowace safiya: waƙa guda mai rubutacciyar nota, a rera ta da tsari na farko, a sake da na biyu.

Na biyu shi ne maɓallin sauya makulli da ke jikin kibod. Ya cuci masu kiɗanmu da yawa, domin mutum sai ya shekara goma yana buga komai a do, na'ura na ɗaga masa. Fiyanon jarrabawa ba shi da wannan maɓalli. Dole ka iya manyan makullai goma sha biyu da ƙananansu, ka kuma buga muryoyi huɗu kamar yadda aka rubuta su, soprano da alto a dama, teno da bas a hagu. Jarrabawar ABRSM, hukumar jarrabawar kiɗa ta Birtaniya, tana da mataki 1 zuwa 8. In tambayoyin ƙa'ida na mataki na 5 suna ba ka wuya, da sauran shiri.

Wajen haɗa muryoyi, kuskuren da malamai suka fi ja wa jan layi shi ne muryoyi biyu su yi tafiya tare da tazarar biyar (kamar do zuwa sol) ko takwas (do zuwa do na sama) a jere. Dalilin hanin a kunne yake: muryoyin biyu suna narkewa su zama ɗaya, koral mai murya huɗu ya koma uku. Kada tazarar soprano da alto ta wuce takwas, haka alto da teno. In kuma jama'a ce za ta rera, ka tsaya tsakanin do na tsakiya da re na sama, in ba haka ba dattawa za su yi shiru su bar wa koral.

Sauran darussa su ne tarihin waƙoƙin ibada, tauhidin sujada, Zabura, jagoranci da hannu da dabarun bincike, a rufe da wasan ƙarshe da memuwar. A nan nake ganin ɗan Damagaram ya fi kowa abin faɗa, muddin bai je ya maimaita bincike kan mawaƙan Jamus ba. Mishan ɗin SIM (Sudan Interior Mission) ta zauna a Zinder, wato Damagaram, tun 1924, kuma waƙoƙin da aka fassara an ɗora su ne a kan karin Turawa, wanda ke bin nauyin lafazi. Hausa kuwa gaɓa mai nauyi da marar nauyi take bi. Duba "Ubangiji": "U" da "gi" gajeru ne, "ban" mai nauyi ce. In doguwar nota ta faɗa kan "gi", kunnen Bahaushe zai ji kalmar ta karkace ko bai san dalili ba. Kundin majalisar Batikan ta biyu kan sujada, na 1963, a sakin layi na 119, ya ce a ba kiɗan kowace al'umma matsayin da ya dace da shi, to ga hujja ko a gaban malaman Roma.

Waƙoƙin zumuntar mata, da tulu da caki da kuge, yawancinsu a ka suke, ba a takarda ba. Mai son rubuta su ya nemi izinin shugabar zumunta tukuna, ya ɗauki sauti ranar koyon waƙa, don ranar Lahadi lasifika na danne komai. Ajiye wayar kusa da mai bayarwa, nesa da tulu, ka roƙi a sake rerawa sau ɗaya ba kiɗa. Rubuta kalmomin, ka sa wa kowace gaɓa alamar nauyinta, sannan ka shigar da nota a MuseScore, manhajar rubuta nota wadda kyauta ce. Manhajar takan ajiye kowane sauti kan maɓallin fiyano, alhali matan kan ja murya tsakanin maɓallai biyu, tafi kuma na iya tafiya uku-uku yayin da tulu ke biyu-biyu. Saboda haka kowace nota ta tafi tare da faifan sautinta da sunan ikilisiya da ranar ɗauka, a yi kwafi biyu, ɗaya ya zauna a hannun zumuntar.