Kuɗin ganin gwaggon biri a Uganda da Ruwanda

Bazazzagin da ya saba zuwa Yankari ya biya a ƙofa, to ya sani a dajin Bwindi na Uganda ba haka abin yake ba. Takardar izinin bin sawun gwaggon biri (wato gorilla) ake saye tun watanni kafin tafiya, domin mutum 8 kacal ake bari su je wa kowane garke a rana. Tun Yulin 2024 baƙo daga wajen Afirka na biyan dala 800, ɗan wata ƙasar Afirka kamar Najeriya kuwa dala 500. Ruwanda ta fi tsada, dala 1,500 ga baƙo daga wajen Afirka. Duk wannan don awa ɗaya tal tare da biran! Ba a barin ɗan ƙasa da shekara 15, kuma mai mura ana mayar da shi, tunda birai na kamuwa da cutar mutum.