Karkade, kanwa da lemon tsami a tsakar gidanmu a Gadarif

Da yaƙi ya ɓarke a nan Sudan a Afrilun 2023 aka rufe makarantu, yaran gidanmu da na maƙwabta suka zauna ba aikin fari ba na baƙi. Ni kuwa dama kimiyya nake koyarwa a firamare, sai na riƙa tara su bayan la'asar, da kayan da na ara a madafar Inna.

Karkade, wato zoɓo, shi ya fi yi mini aiki. A jiƙa shi, a sirka da ruwa sosai har ya zama ja mai haske, domin in ya yi kauri ba a ganin canjin. A raba a kofunan shayi na gilashi. Wanda aka matsa wa lemon tsami sai jansa ya ƙara fitowa fes. Wanda aka ɗiga wa ruwan kanwa kuwa sai ya dushe ya yi shuɗi-shuɗi, in an ƙara ya koma kore. Sinadarin da ke ba karkade launi, antosayanin, shi ke sauya kama gwargwadon tsamin ruwan. A ma'aunin pH, wanda ake auna tsami da shi, lemon yana wajen 2, tsabtataccen ruwa 7, ruwan kanwa ya haura 9. Waɗannan lambobi ban dame su da su ba. Ɗan shekara 6 ba ruwansa.

Abin da na lura da shi, in babba ya zuba suna kallo, wasa kawai suke gani. "Malama, ashe kin iya dabo!" in ji wani, kuma yaron da ya ɗauka dabo ne ba zai nemi dalili ba. Don haka na kafa doka: kafin a zuba komai, kowa ya faɗi launin da yake tsammani, sannan ya zuba da hannunsa. Nan musu ya kaure. Washegari suka zo da ruwan toka, da sabulu, da tsamiya, wata har da ƙullun kisra, wato siririyar gurasar dawa, na mahaifiyarta. Toka da sabulu suka bi kanwa, tsamiya da ƙullu suka bi lemon, yarinyar kuma da kanta ta ce ai ƙullun kwana ya yi, shi ya sa.

Daga nan muka koma kumfa. Dakakkiyar kanwa a kwalba, a zuba khal, wato binega, a yi maza a rufe bakin da balan-balan, sai ta fara kumbura. Iskar kabon-dayokzayid ce, irin wadda ke sa ƙullu tashi. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, shi ya sa in ta taru a jug mai zurfi aka karkata shi a kan kyandir, wutar take mutuwa ba tare da ruwa ya taɓa ta ba. Wannan kam ni nake yi, su ja baya.

Inda muka daɗe shi ne bambanta narkewa da samuwar sabon abu. Ruwan gishiri da muka shanya a faranti, rana ta shanye ruwan, gishirinmu ya dawo. Kanwar da ta gama kumfa fa, ko an shanya, ba kanwa za a samu ba. Manyan sun kama, ƙananan sai a hankali.

Abu biyu ba na sassauci a kansu. Ba a ɗanɗana komai, ko da karkade ne, sai na shan da nake ajiye musu daban. Ruwan bilic kuma ba ya zuwa wurin, domin in ya haɗu da lemon ko khal yana fitar da iskar kulorin mai guba.